Mi ya sa manhajar da ke aiki a wayar ɗan uwanka take ƙin shiga taka?

 

Tun da munka buɗe filin tambayoyi kan wayar salula a gidan rediyonmu, babu tambayar da ta kai wagga yawan dawowa: "An tura mini aplikasiyo daga wayar wane, tasa tana aiki lafiya lau, tawa ta ƙi karɓa. Shin wayata jabu ce?" A shirin da ya gabata mun amsa a gurguje, lokaci ya ƙure mana. Shi ya sa munka ce bari mu zauna mu rubuta ta a tsanake, don wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Abin da ya ƙara tunzura mu shi ne wani dattijo da ya zo mana har gidan rediyo, daga wani ƙauye na kan dutse, da wayarsa ƙulle cikin ƙyalle. Ɗansa da ke Libiya ne ya aiko da kuɗi anka saya masa ita, don su riƙa aika wa juna murya. Wata rana jikansa na wasa da ita ya goge manhajar. Yaron da ke sa waya caji a garinsu ya tura masa wata daga tasa sabuwar waya, sau uku, kowane karo allon na nuna "Application non installée". Ranar kasuwa dattijon ya kai ta wurin wani mai gyara, anka ce sai an yi mata filashi, ya biya jika uku. Anka wanke wayar tas. Hotunan jikanyarsa da anka haifa can, wadda bai taɓa gani ido da ido ba, sunka tafi. Muryoyin ƙanensa da ya rasu bara, su ma sunka tafi. Bayan duk wannan anka sake tura masa manhajar nan, ta sake ƙi.

Ya ce mana: "Ɗana, ku hwaɗa mini gaskiya. In cutar yaron nan anka yi, in sani."

Ba a cuci kowa wajen sayen wayar ba, kuma babu abin da ya lalace a cikinta. Wayar ta karanta wani ɗan rubutu ne a jikin manhajar, ta ga ba da yarenta anka yi ta ba, ta ƙi. Wannan ɗan rubutun, da mai karanta shi, su ne zancenmu na yau.

Kowace ƙwaƙwalwa da yarenta

A cikin kowace waya da kowace kwamfuta akwai wani ɗan faranti da bai wuce farcen babban yatsa ba. Masu gyara na ce masa furosesa, mu nan za mu ce ƙwaƙwalwa. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci. Lambobi kawai ta sani, kuma kowace lamba umarni ce gare ta: ɗauko wancan, tara shi da wannan, ajiye can, tsallaka zuwa wuri kaza. Jerin waɗannan umarni, da lambar da ke nufin kowane, shi ne yaren ƙwaƙwalwar.

Manyan gidaje biyu ne sunka mamaye duniya. Na farko ana ce masa x86, ya samo asali daga wata ƙwaƙwalwa mai lamba 8086 da kamfanin Intel na Amurka ya fitar a 1978. Ita ce zuriyar da ke cikin mafi yawan kwamfutocin ofis, har da wadda muke haɗa shirye-shirye da ita a nan. Na biyu shi ne ARM, wanda anka fara ƙerawa a garin Kambirij na Ingila a 1985. Kamfanin ARM zanen yake sayarwa, wasu su ƙera: MediaTek a Taiwan, Unisoc a Sin, Qualcomm a Amurka. Tecno, itel da Infinix da sunka cika kasuwanninmu, waɗanda duka na kamfani guda ne, Transsion na birnin Shenzhen, da Samsung da iPhone, duk zuriyar ARM ne, saboda ba ta cin batir kamar waccan.

To in duka ARM ne, ina matsalar? Matsalar ita ce gidan ARM kansa yare biyu gare shi. Akwai tsohon, mai bit 32, akwai sabon, mai bit 64, wanda anka sanar a 2011, kuma iPhone 5s ta fara fitowa da shi a 2013. Lambar tana nufin faɗin abin da ƙwaƙwalwa ke iya damƙa a tashi guda. Mai 32 tana iya ƙidaya gurabe biliyan 4 da ɗoriya, wato jiga 4 na ma'ajiyar aiki, daga nan lissafinta ya ƙare. Mai 64 ta wuce nan nesa ba kusa ba.

Kada ku ɗauka bambancin irin na Adaranci da Kananci ne, inda za a yi wa juna dariya amma a fahimci juna. Ya fi kama da Hausa da Tamashek: maƙwabta ne, kasuwa guda suke ci, amma wanda bai koya ba ba zai tsinci komai ba. Abin da ya rufa asiri shekara da shekaru shi ne yawancin ƙwaƙwalen 64 bakinsu biyu ne, kamar ɗan kasuwar Abalak, suna jin sabon suna jin tsohon. Amma mai 32 zalla ba ta jin 64 ko kalma guda.

Ga kuma wani tarko da ko masu gyara da yawa ba su lura da shi ba. Wayoyi masu sauƙin kuɗi, masu ma'ajiyar aiki jiga 1 ko 2, sau da yawa ƙwaƙwalwarsu na iya 64, amma Android ɗin da anka sa musu na 32 ne, don ya fi ƙarancin cin wuri. Ke nan waya na iya fitowa daga kwali sabuwa dal, amma yarenta tsohon ne. Ta dattijonmu haka take.

Tafinta da mahaɗi

Masu rubuta manhaja ba sa rubutu da lambobin nan kai tsaye, da sun haukace. Suna rubutu da yarukan da mutum ke iya karantawa, irin su C da C++, sannan wani shiri, mu kira shi tafinta, ya juya rubutun zuwa yaren ƙwaƙwalwar da ake so. Tafinta ba ya juya manhaja gaba ɗaya a lokaci guda. Fayil-fayil yake bi, kowane ya fitar da guntu guda. Babbar manhaja na iya zama guntaye ɗaruruwa ko dubbai: wannan na ɗaukar murya, wancan na matse hoto, wani na kulle saƙo don kada a karanta shi a hanya.

Kowane guntu na fitowa da giɓi a cikinsa. Guntun ɗaukar murya na son ya kira na matse murya, ya san sunansa, amma bai san inda zai zauna ba, don ba a riga an jera su ba. Sai tafinta ya bar wurin adireshin fili, ya rubuta a gefe: nan za a cike da adireshin wane. Mai zuwa ya tattara guntayen, ya jera su, ya ba kowane mazauni, ya bi giɓin nan ɗaya bayan ɗaya ya cike, shi ne masana ke kira linka. Mu za mu ce masa mahaɗi. Aikin tsoho ne ƙwarai. Tun 1952 wata Ba'amurkiya masaniyar lissafi, Grace Hopper, ta rubuta shirin da ke ɗauko guntayen aiki daga faifai ya haɗa su wuri guda. Muna faɗin haka don ƴan matanmu na kwalej su ji.

Mahaɗi ba tafinta ba ne. Ba ya juya yare, ba ya gyara abin da tafinta ya rubuta. Don haka tambayar farko da ke gabansa kafin ya taɓa komai ita ce: guntayen nan da wane yare suke, kuma duka yare guda ne?

Ba ya duba sunan fayil. Suna kowa na iya canza shi. Abin da yake dubawa yana can a bakin guntun, kamar yadda mai albasa ke rubuta alama a jikin buhu kafin a ɗora a mota. A Android da Linux tsarin rubutun ana ce masa ELF, ya fito ne daga gidan Unix a ƙarshen shekarun 1980. Ku ɗauki fayil a matsayin dogon layin gurabe, kowane gurbi na ɗauke da lamba daga 0 zuwa 255. Gurabe huɗu na farko kullum 127, 69, 76, 70 ne. Ukun ƙarshe su ne haruffan E, L, F a lissafin kwamfuta. In mahaɗi bai ga wannan ba, ya san ba irin kayansa ba ne.

Gurbi na biyar: in 1 ne, guntun na 32 ne, in 2 ne, na 64. Gurbi na shida kuwa na faɗin ta wane gefe ake fara karanta doguwar lamba, ta ƙaramin ko ta babban. Wanda ya yi karatun allo ya san wannan: mu muna cewa ashirin da biyar, Balarabe na fara faɗin biyar sannan ashirin. Lamba guda ce, amma in ba ka san tsarin mai magana ba sai ka juya ta. Wayoyinmu da kwamfutocinmu ta ƙaramin gefe suke farawa.

Sai a zarce zuwa gurbi na 19 da na 20, inda sunan ƙwaƙwalwar kanta yake, da lamba. 3 na nufin x86 mai 32. 62 na nufin x86 mai 64. 40 tsohon ARM ne. 183 sabon ARM. 243 kuma wani sabon gida ne mai tasowa, RISC-V, wanda anka fara a jami'ar Bakale ta Kalifoniya, kuma kowa na iya ƙera shi ba tare da biyan kuɗin zane ba. Duk rigimar dattijonmu, da jika ukunsa, da hotunan jikanyarsa, tsakanin 40 da 183 take.

Yadda yake zaɓe

Mu tafi tasha, don can ne abin zai fi fitowa fili. Mota na tsaye, kamasho na lodi. Ta yaya ake sanin inda motar za ta?

Wata motar layinta sananne ne, kullum Madawa take zuwa, ba sai an tambaya ba. Haka mahaɗin gidan GNU yake, wanda ake ce wa ld: tun ranar da anka gina shi an ɗora shi kan yare guda, in ba a ce masa komai ba wannan zai bi. Wata rana kuma mai mota ne zai ce yau Tawa za mu. Haka mai haɗa manhaja ke iya gaya wa mahaɗi da baki, ta wata ƴar alama da ake rubutawa -m, a bi ta da sunan yaren. Galibi ma ba mutum ke rubuta ta ba, tafinta ne ke miƙa wa mahaɗi, tunda shi ya san da wane yare ya yi fassara. Wannan na da muhimmanci, don manhajar wayarka ba a kan waya anka haɗa ta ba. A kan kwamfuta mai x86 ake zama a haɗa abin da zai yi aiki a ARM. In ba a faɗa wa mahaɗi ba, sai ya ɗauka na gida ake so.

Hanya ta uku ita ta fi ba mu dariya. Akwai wani mahaɗi, lld, na gidan LLVM, wanda shi ake amfani da shi yanzu wajen haɗa manhajojin Android. Shi in ba a gaya masa komai ba, sai ya buɗe guntun farko da anka miƙo masa, ya karanta bakinsa, ya ce to, nan za mu. Fasinjan farko ya ce Keita, mota ta zama ta Keita. In kuma babu umarni, babu guntu ko guda, sai ya ce bai san inda za shi ba, ya tsaya.

Da zarar an tsai da wurin zuwa, duk guntun da ya biyo baya sai an gwada bakinsa da wancan. Faɗin ya yi daidai? Gefen karatu ya yi daidai? Lambar ƙwaƙwalwa ta yi daidai? In guda ya saɓa, mahaɗi na tsai da aikin gaba ɗaya, ya faɗi sunan guntun da ya kawo rikici. Ba ya cewa guda ne cikin dubu, bari mu lallaɓa.

Akwai wuri guda da na GNU ke sassautawa. Ban da guntayen da mai aiki ya miƙa masa hannu da hannu, akwai na aro, waɗanda wasu sunka riga sunka haɗa anka ajiye a rumbuna, kamar na lissafi ko na matse hoto. Waɗannan suna kawai ake ba shi, shi zai bi rumbunan ɗaya bayan ɗaya yana nema. In ya tarar da mai sunan amma yarensa daban, sai ya yi gargaɗi, ya tsallake shi, ya ci gaba zuwa rumbu na gaba. In ya zagaye duka bai samu daidai ba, sai ya ce bai ga fayil ɗin ba. Nan ne masu koyo ke kama kai: ga fayil a gabansu suna kallo, na'ura na cewa babu. Kamasho ne ya leƙa ya ce babu fasinja, alhali benci cike yake, sai dai duka ƴan Konni ne, motar kuwa ta Keita.

Wani zai ce wannan tsanani ya yi yawa. Mu ma mun yi wannan tunanin, sai da munka duba abin da zai faru in ya yarda. Ku tuna aikinsa cike giɓi ne. A yaren 32 cikakken adireshi gurbi huɗu yake ci, a na 64 gurbi takwas. In ya zuba na takwas a ramin huɗu, ya taka umarnin da ke gaba. Ban da haka, kowane yare da yadda yake cusa adireshi cikin umarni. A sabon ARM kowane umarni gurbi huɗu ne cif. A x86 yana iya zama daga gurbi 1 har 15. Hatta ƴan bayanan gefe da tafinta ke bari, masu cewa ga yadda za a cike nan, lambobinsu ma'anarsu daban take a kowane gida. Da mahaɗi zai rufe ido ya haɗa, da ya fitar da manhaja mai kama da lafiyayya, wadda ƙwaƙwalwa za ta karanta ta ji wani abu daban. In an yi sa'a ta mutu nan take. In ba a yi sa'a ba ta yi aikin da ba a sa ta ba, a cikin wayar da kake aika kuɗi da ita. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ko lambar ta zo daidai ba a gama ba. Guntaye biyu na iya zama duka 40, amma sun saɓa kan al'adar miƙa wa juna lambobi masu ɗigo. Wannan ma a rubuce yake a jikinsu, shi ma mahaɗi na dubawa ya ƙi. Ba za mu shiga nan ba, ya isa ku san akwai shi.

Daga can zuwa aljihunka

To mi ya haɗa duk wannan da waya a Tabotaki? Tunda mahaɗi ba ya gauraya yare, mai manhaja dole ya yi haɗin sau da yawa, kowane yare nasa daban. Fayil ɗin da kuke tura wa juna, mai ƙarewa da APK, buhu ne mai aljifai a ciki. Aljihu guda sunansa armeabi-v7a, na tsohon ARM ke nan. Wani arm64-v8a, na sabon. Wasu na da x86 da x86_64. Ita kuma waya tana riƙe da jerin yarukan da take ji, wanda ta fi so a gaba. In za ta girka manhaja sai ta bi jerinta, aljihun farko da ya dace shi za ta ɗauka. In babu ko guda, ta ƙi. Ƙananan manhajojin da ba su da waɗannan aljifai kwata-kwata suna shiga ko'ina, shi ya sa wata ke karɓuwa wata ba ta karɓuwa daga waya guda.

A cikin wayar ma akwai ƙaramin mahaɗi, wanda ke tashi duk lokacin da ka taɓa manhaja don buɗe ta. Shi ke ɗauko guntayen aro ya ɗaura su a lokacin. Wayar da ke jin yare biyu mahaɗi biyu gare ta, na 32 da na 64, kuma manhaja in ta tashi da ɗaya, da shi za ta ƙare. Shi ma bakin fayil yake karantawa, gurbi na biyar da na 19, kamar babban yayansa. In ya ga saɓani, ko ya nemi guntu bai samu ba, manhajar sai ta buɗe ta rufe nan take. Kun sha ganin haka.

Da can wannan bai cika damun mu ba, don buhun na zuwa da dukan aljifansa, ka tura wa kowa ya yi. Abubuwa sun canza. Daga 1 ga Agusta 2019 Google ya wajabta wa sabbin manhajojin Play Store su zo da na 64. Daga Agusta 2021 kuma sabbin manhajoji na shiga ne da wani tsari inda Play Store ke duba wayarka ya aiko maka da aljihun da ya dace da ita kaɗai. Wannan alheri ne ga mai sayen mega da kuɗinsa, don abin da za ka sauke ya ragu. Amma yana nufin manhajar da ke cikin wayar ɗan uwanka ɗinkin wayarsa ce. In ya tura maka ta Xender ko Bluetooth, abin da yake da shi ya tura, ba shi da wani. In tasa 64 ce taka 32, ba za ta shiga ba ko sau ɗari za a tura.

Yanzu kuma abin ya fara juyawa ta ɗaya gefen, kuma wannan ku ƴan bida ya fi shafa, ku masu riƙe manyan wayoyi. Pixel 7 da Google ya fitar a Oktoba 2022 ba ta karɓar manhajar 32 zalla, kuma kamfanin ARM ya sanar cewa daga 2023 sabbin zanensa na ƙwaƙwalwar waya 64 ne kaɗai. Ke nan tsohuwar manhajar da ka adana a katin memuwa shekara biyar, ta wani littafi ko ta koyon karatu, tana iya ƙin sabuwar wayarka mai tsada, ta shiga ƴar itel ta ƙanenka.

A kwamfuta ma haka ne, tsarin rubutun ne kawai ya bambanta. Fayilolin Windows na farawa da haruffa M da Z, farkon sunan wani injiniyan Microsoft, Mark Zbikowski, kuma su ma suna da gurbin lambar ƙwaƙwalwa. Mu kanmu mun taɓa kwana biyu muna faɗa da tsohuwar kwamfutar sutudiyo, wani abokin aiki ya kawo shirin yanka sauti a kile, ta ƙi shi, muna ta zargin ƙwayar cuta. Ashe shirin na 64 ne, ita kuwa 32. Da munka gane, kunya ta hana mu faɗa wa darekta.

Kafin ka kai ta filashi

Gaskiya ita ce ba kowane "non installée" ne na yare ba. Wani lokaci wuri ne ya cika. Wani lokaci fayil ɗin ne ya yanke a hanya. Wani lokaci akwai wata irinta a wayar da ba daga hannu guda sunka fito ba, sai an cire waccan. Wani lokaci kuma Android ɗin ne ya tsufa: WhatsApp, misali, tun Oktoba 2023 ba ya aiki a Android da bai kai 5 ba. Amma ku duba duka waɗannan, babu guda da ke buƙatar a wanke waya. Filashi ba ya canza yaren ƙwaƙwalwa. In mai gyara ya maida mata Android ɗin da ta zo da shi, yadda take haka za ta koma, sai dai yanzu babu hotunanka.

Ba muna zagin masu gyara ba ne. Yawancinsu yaranmu ne da sunka koyi sana'a da idonsu da hannunsu, suna rufa wa kansu asiri, suna rufa mana. Amma muna roƙonku, ƴan uwa, in an kawo muku waya don manhaja ta ƙi shiga, ku fara duba yarenta. Ƙananan manhajoji irin su AIDA64 na nuna jerin yarukan da waya ke ji. In kun ga armeabi-v7a kaɗai babu arm64-v8a, kun san 32 ce, ku nemo mata daidai da ita. In kuma filashin ya zama dole don wani dalili daban, ku kwashe wa mutum hotuna da muryoyinsa a kati tukuna, ku gaya masa da baki abin da zai tafi.

Ga mai waya kuma, hanya mafi sauƙi ita ce a sauke daga Play Store da wayar kanta, don shi zai zaɓo mata. Mun san rezo ba ko'ina yake ba, akwai garuruwan da sai an hau tudu, kuma mega kuɗi ne. In dole sai an tura, a nemi mai waya irin taka, ko mai ƙaramar waya kamar taka, ba mai babbar da ta zo daga waje ba. Abin da ba mu so shi ne, don ta gaskiya ta ƙi shiga, mutum ya karɓi wata da anka yi wa kwaskwarima, irin masu launi-launi da ake cewa sun fi ta asali. Ita za ta shiga, don wanda ya yi ta ya tabbatar ta shiga kowace waya. Ba ka san shi ba, kuma ta hannunsa muryarka da lambobin mutanenka za su bi. Balle manhajar aika kuɗi: wannan kada ka karɓe ta daga wayar kowa.

Ku kuma da ke can, in za ku aiko wa tsoho ko inna waya, ko kuɗin waya, ku sa a girka duk abin da za su buƙata tun a inda akwai rezo mai ƙarfi, a buɗe musu asusun Google, a rubuta kalmar sirrin a takarda, ku riƙe kwafi a wurinku. In hali ya yi, a nemi wadda Android ɗinta na 64 ne, don can duniya ta nufa.

Dattijonmu, a nan tsakar gidan rediyo munka haɗa wayarsa da rezon ɗaya daga cikinmu, ta sauke manhajar da kanta kafin shayi ya nuna. Da yamma ɗansa ya sake turo hotunan yarinyar daga can, har da sabbi, ta fara zama. Muryoyin ƙanen kuwa a wayar nan kaɗai suke, wayar marigayin ta daɗe da ɓata. Ya tambaye mu sau biyu ko akwai dabara, munka ce masa babu. Ya yi shiru, ya ƙulle wayar cikin ƙyallenta, ya ce a gaida masu saurare.

Mai tambaya kan wannan ya aiko da muryarsa ta lambar gidan rediyo da kunka sani, ya faɗi sunan wayar da abin da allon ya rubuta. Za mu amsa a shiri na gaba in Allah ya kai mu.